Yadda Na Mai da Taubashina Bawa a Cikin Waya

Karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu na firamare, shekarar da babanmu ya lura jakinmu ya fi makaranta bukatata. Sauran na cike shi da ajin yaƙi da jahilci da sauraron rediyo. Saboda haka idan ana zancen masana a unguwarmu ta Kiru nakan gyara zama in yi gyaran murya, ko ba a kalle ni ba. Na fara da wannan ne don kada wani mai tausayi ya ce jahilci ya sa na yi abin da na yi. Da jahili ne ni sosai, da ban iya ba. Ɗan abin da na sani shi ya kai ni.

Ina da taubashi. Uwarsa gwaggona ce, ƙanwar babanmu uwa ɗaya uba ɗaya, aka aurar da ita a wani ƙauye wajen Ba'awa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, na riga na taɓa shi inda bai kamata ba. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, to a wasan taubasai ni ne ubangida, shi ne bawa. Haka muka taso, haka muka yi furfura. In ya hango ni a kasuwar Ƙafin Maiyaki, tun daga rumfar masu hatsi zai ɗaga murya ya ce kowa ya riƙe akuyarsa, ga tsohon Kiru ya shigo. Ni kuma in ce a kama mini bawan nan, tun bara ya gudu da fartanyata. Duk watan cika-ciki yakan zo da tsintsiya ya share mini ƙofar gida, ko in ce ya tura mini sharar cikin zaure, ni kuma in tona aljihu in zaɓo goron da ya fi kowanne ƙanƙanta in ba shi. Ya karɓa yana cewa bai taɓa ganin ubangida marowaci irina ba. Fiye da shekara sittin muna haka, ko sau ɗaya ran wani bai ɓaci ba.

'Yata ta uku malamar makaranta ce a Tudun Wada. Tana cikin masu rubuta wani kundin sani da Hausa a intanet, irin wanda kowa ke iya buɗewa ya ƙara ko ya gyara. Da ta zo hutu ta kawo mini babbar waya, ta ce shafukan garuruwanmu duk ramammu ne, layi biyu layi uku, alhali ga irina na zaune da labari a ciki. Ta buɗe mini suna a wurin, ta nuna mini inda ake taɓawa. Sannan ta kafa mini sharaɗi biyu. Kada in rubuta abin da bai shafi shafin ba. Kuma duk abin da na rubuta ya kasance yana da madogara, wato littafi ko jarida inda aka taɓa buga shi, don a sa 'yar lamba a ƙarshen jimlar, mai karatu ya bi ta ya je ya gani da idonsa. Na ce mata madogara ai ni ne, shekara saba'in da ɗoriya ina kallon ƙasar nan.

Ta ce, "Baba, kai ba a buga ka ba."

Na ce wannan laifin masu buga littafi ne.

Na fara da shafin garinmu. Na rubuta cewa ana noman masara da dawa da rake, aka bar mini, don akwai lamba kusa da ta riga ta faɗi haka. Sai na saki jiki. Na rubuta labarin bijimina mai ja da fari wanda ya yi shekara tara yana jan garma bai taɓa kwanciya a kunya ba. Na rubuta cewa rijiyar gidanmu ta fi kowace rijiya a unguwa daɗin ruwa. Na ƙara da cewa akwai wani mai shayi a bakin tasha da ke nuna wa kofi gwangwanin madara daga nesa. Washegari na duba, babu ko ɗaya. A bayan kowane shafi akwai wurin da masu gyara ke magana da juna, suna ce masa shafin tattaunawa. Can na tarar da saƙo daga wani wanda ban sani ba, sunansa wasu haruffa ne da lambobi. Ya gaishe ni, ya ce sannu da ƙoƙari Malam, ya ce bijimin da rijiyar da mai shayin ba su shafi bayanin garin ba, shi ya sa ya cire. Ya ce Allah ya ƙara wa bijimin lafiya. Bijimin kuwa mun cinye shi tun kafin a haifi mai maganar, in ban yi kuskure ba. Daga ranar na sa masa suna mai gogewa.

A satin ne taubashina ya same ni a kasuwa ina latsa waya a inuwar rumfa. Ya tara mini mutane. Ya ce su zo su ga yadda tsoho ke ɓare waya kamar gyaɗa. Na gaya masa littafi nake rubutawa wanda duk duniya ke karantawa. Ya ce duniyar ta shiga uku in ɗan aji huɗu ne malaminta. Aka yi dariya, har da mai shayin, wanda ba shi da bakin yi wa kowa dariya. Sai na yi masa alkawari a gaban jama'a cewa shi ma zan sa shi a ciki. Ya ce in sa shi, in dai zan iya rubuta sunan garinsu daidai.

Bayan la'asar na zauna a zaure na buɗe shafin ƙauyensu. Layi uku ne. Yana mazaɓa kaza, mutanensa manoma ne, sai jimla ta ƙarshe a kan kafuwarsa, da 'yar lamba a bayanta. Na ƙara ta huɗu: asalin mutanen wannan ƙauye bayi ne, wani babban gida na Kiru ya ajiye su don su yi masa noma. Na yi dariya ni kaɗai har mai ɗakina ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Niyyata in nuna masa ranar kasuwa, ya zage ni, in goge. Allah ya sani niyyata ke nan. Amma ranar kasuwar bai zo ba, gwiwa ta kama shi.

Mai gogewa shi ya zo. Bai goge ba tukuna. Ya manna wa jimlata wasu ƙananan kalmomi a ƙarshe: ana buƙatar hujja. A shafin tattaunawa kuma ya tambaye ni a wane littafi na gani. Ni duk wanda ya tanka mini nakan ɗauka wasa yake nema. Na rubuta masa cewa hujja ita ce babbansu da kansa yana zuwa duk shekara ya share mini ƙofar gida, wanda bai yarda ba ya zo watan cika-ciki ya tsaya daga gefe. Ya amsa cewa wannan magana ce mai nauyi, ta taɓa asalin mutane da mutuncinsu, ba za ta zauna a kan shaidar tsintsiya ba. Ya cire ta, ya ce idan na samo rubutacciyar madogara in kawo a duba tare.

A nan mutumin kirki zai tsaya. Ina so a rubuta cewa na san haka tun a lokacin.

Sai dai na riga na lura da wani abu, kuma na ji daɗin kaina da na lura. Jimlar da ke da lamba a bayanta ba mai taɓa ta, kamar tunkiyar da aka yi wa shaida a kunne. To me zai hana tawa ta shiga garken? Na mayar da jimlata, amma ban sa ta a ƙarshe ba. Na cusa ta tsakanin jimla ta uku da lambarta. Duk wanda ya duba zai ga maganar bayin tana ɗauke da lamba, lambar kuma tana kai mutum ga littafin wani malamin jami'a a kan ƙasashen kudancin Kano, littafin da ko bangonsa ban taɓa gani ba. Kwana biyu na duba, tana nan. Sati guda, tana nan. Na ce yau ɗan aji huɗu ya kayar da mai gogewa. Daga nan kaka ta shigo, masara ta bushe a gona, datar wayar ta ƙare, na manta. Wannan mantuwar ta fi komai tsaya mini a rai. Abin da ya kusa rushe gidan wani, ni ko tunawa da shi ban yi ba.

Autan taubashina yana gyaran injin ban ruwa a Doguwa. Can ya ga wata yarinya, yana so tana so, manya sun shiga, an kai gaisuwa, saura sa rana. Sai dangin yarinyar suka aiko cewa a ɗan dakata, akwai abin da suke dubawa. Ashe ƙaramin baffanta, ɗan boko na gaske ba irina ba, ya rubuta sunan ƙauyen a wayarsa lokacin da ake binciken asali. Ya karanta layi huɗun, ya ga lamba, ya ɗauki hoton shafin ya nuna wa yayyensa.

Ni ban san komai ba sai da na shiga kasuwa bayan an gama casa. Na hango taubashina a rumfar masu hatsi, na rage tafiya ina jiran maganar akuya. Shiru. Ya taso ya zo har gabana ya miƙo mini hannu biyu.

"Barka da kasuwa, Malam. Ya iyali? Ya aka ji da aikin kaka?"

Tunda uwata ta haife ni bai taɓa ce mini Malam ba. Na yi dariya na ce yau bawa ya koyi ladabi. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce Allah ya ba mu alheri, ya juya. Maƙwabcinsa ne ya ja ni bayan buhuna ya gaya mini abin da ake ciki. Ya ce ba wanda ya sha wahalar gano mai rubutun, tunda a gaban rabin kasuwa na yi alkawari.

Na kira 'yata a waya. Ta buɗe abin da suke kira tarihin shafi, inda ake ganin wanda ya taɓa kowace kalma da ranar da ya taɓa. Ta ce jimlar ba ta nan, kwana uku ke nan da cire ta. Mai gogewa bai manta ba. Ya ga ta dawo da lamba, bai so ya goge abin da wataƙila yana da tushe, sai ya shiga neman littafin. Sai da ya yi makonni kafin ya same shi, ya karanta duk inda aka ambaci ƙauyen, bai ga bawa ko ɗaya ba. Ya cire, ya bar mini saƙo. Na ce to alhamdulillahi, an goge, magana ta ƙare. Ta ce ba ta ƙare ba. Baffan yarinyar yana da hoto, kuma an ce yana cewa dangin yaron ne suka sa aka goge don a rufe asiri. Ta ce abin da ya rage shi ne mai rubutun ya je da ƙafarsa.

Mun tafi Doguwa ni da taubashina a mota ɗaya. Taubashina ya bar mini wajen taga, ya tambaya ko iska ba ta dame ni ba. Da ya tofa mini yawu da ya fi mini sauƙi. A tashar Tudun Wada 'yata ta tare mu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi wayata ta buɗe mini shafin tattaunawar ta ce kada in taɓa komai. Muka ratsa dajin Falgore. Wasu birai suka tsallaka titi. A da, da tuni ya ce in sauka in gaisa da dangina. Ya kalle su, ya kalli gabansa.

A zauren gidan yarinyar mutum uku suka karɓe mu: babban wansu, tsoho kamar mu, sai uban yarinyar, sai ƙaramin baffan da wayarsa a hannu. Bayan an sha ruwa an gama gaisuwa na ce ni ne na rubuta, kuma ƙarya ce, wasan taubasai ne na kai inda ba a kai shi. Babban wan ya tambaya wane ne ɗan mace a cikinmu. Na nuna. Ya gyaɗa kai, na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, alamar shi ma yana da nasa bawan a wani gari. Amma ƙaramin bai motsa ba. Ya ce wasa a baki ake yi, wannan kuwa rubutu ne, har da lambar littafi. Ya ce ba raini ba, amma ta yaya za su san ba roƙona aka yi in zo in ɗauki laifi don a rufa wa yaro asiri ba?

"Baba, ina hujja?"

Na miƙa masa wayar. Ba ni da wani abin miƙawa.

Ya karanta a bayyane, daga sama, da murya irin ta mai labarai, ba ya tsallake komai. Saboda duk saƙonnina suna ƙarƙashin suna ɗaya, sai da ya bi ta kan bijimin. Ya karanta rijiyar. Ya karanta mai shayi da gwangwanin madara. Ya iso kan shaidar tsintsiya, da gayyatar da na yi wa duniya ta zo watan cika-ciki ta tsaya daga gefe. Abin da na rubuta ina ƙyaƙyata dariya a zaurena, a bakinsa ya fito kamar takardar asibiti. Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma. Sannan ya karanta saƙon mai gogewa na ƙarshe, wanda ni kaina ban ji shi ba sai a nan. Ba zagi a ciki. Ya faɗi shafukan da ya duba. Ya ce wanda ya ga lamba a bayan jimla ba ya da lokacin zuwa neman littafi, ya yarda ne kawai cewa wani ya duba masa. Ya ce wannan yardar na ɗauka na rataya wa maganata, kuma ba tawa ba ce.

Uban yarinyar ya tambaye ni a hankali, "Malam, shekarunka nawa?"

Na faɗa.

Babban wan ne ya kwance maganar. Ya ce shi bai iya waya ba, amma a gyara masa in ya ɓata: babban gidan Kiru da aka rubuta ai gidanmu ne? Na ce shi ne. Uwar wannan bawan Allah kuma 'yar gidan ce? Na ce ita da babana ciki ɗaya. Ya ce wato kakana ya ɗauki 'yarsa ta cikinsa ya kai wa bawansa har ɗaki, da gara da komai? Ya juya ga ƙaninsa ya ce ya ajiye wayar nan haka.

Sau ɗaya taubashina ya yi magana a zaman. Ya ce, "Tun yana yaro haka yake. Ku yi haƙuri da shi, mu mun saba." Na zo wanke shi, shi ya ƙare da nema mini afuwa a wurin surukansa.

An sa rana, an ɗaura aure, na je na tsaya a sahun baya. Amma hoton ya riga ya yi yawo a wayoyi, kuma hoto ba ya da shafin tattaunawa. Har yau akwai masu kawo wa yaron gyaran inji su ce masa bawan Kiru, wasu da wasa, wasu ban sani ba. Na rubuta wa mai gogewa ban haƙuri, na gaya masa shekaruna don ya san girman abin. Ya amsa da Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba. Na roƙi 'yata ta share tarihin gaba ɗaya. Ta ce ita ba ta da ikon haka, yana nan ga duk mai son dubawa. Taubashina kuwa ya ci gaba da ce mini Malam. Wata da watanni, hannu biyu, ya iyali.

Da cika-ciki ya zagayo na sayi goro na zauna a ƙofar gida tun hantsi. Na ma bar sharar kwana biyu don ya samu abin turawa zaure. Aka yi azahar bai zo ba. Na shiga ciki na ɗauki tsintsiyar mai ɗakina, ta bi ni da ido. Na hau acaɓa da ita a hammata har ƙauyensu.

Yana zaune a tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Na yi sallama ya amsa. Na duƙa na fara shara. Bayana ba na shara ba ne, gwiwoyina ma haka. Mutane suka fara tsayawa, su da na rubuta asalinsu, suna kallo. Bai ce in bari ba. Ya bar ni na share tun daga bakin zaure har turken awaki, na tara, na kwashe. Da na miƙe ina haki sai ya nuna wani lungu da sandarsa ya ce ban taɓa can ba. Na je na share. Sannan ya ɗaga murya ya kira matarsa ta leƙo ta ga yadda mutanen Kiru ke shara, kamar kaza na tonon juji. Ya daɗe yana lalube a aljihu, ya fito da goro ɗaya, ya raba, ya duba ɓarin biyu da kyau, ya miƙo mini ƙaramin.

"Karɓi, tsohon banza. Ko ladan tsintsiyar ba ka ci ba."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Yanzu in na shiga kasuwar Ƙafin Maiyaki yakan ce kowa ya riƙe akuyarsa, kamar da. Amma waccan kalmar ta bawa ba ta ƙara fitowa daga bakin ɗayanmu ba. Ba mu yi shawara ba, ta dai fita daga wasan. Nakan buɗe baki in mayar masa, sai in tarar amsar da na yi shekara sittin ina bayarwa ba ta nan, in tsaya da baki buɗe masu hatsi suna jira. Har yanzu ban samo wata ba. Shi ke cinye ni duk sati.